Golmon Mai Rediyo

"Malam, aje batir ɗin nan! Ni na riga ka."

Da faɗa muka fara, ni da Dominic, a shagon Mama Nneka da ke bakin kasuwar Zuru, farkon daminar 2004. Har yau idan na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma dariyar ta ƙare da hawaye.

Kwalin batir ɗaya ne ya rage a kanta, hannuwanmu suka sauka a kansa tare. Na ɗaga kai na ga wani dogon saurayi da jaka a rataye, takalminsa na sheƙi kamar ba a ƙasa yake taka shi ba.

"Yi haƙuri 'yar'uwa, aiki zan yi da shi."

"Ni kuma wasa zan yi da shi ko? Rediyon babana ya mutu tun shekaranjiya, ga Lahadi ta matso!"

"Saloma, kai da rigima!" in ji Mama Nneka. 'Yar ƙabilar Ibo ce da ta daɗe a Zuru, namiji da mace duk "kai" ne a bakinta. "Mota bai kawo kaya ba. Wannan baƙo ne, ka bar masa."

"Ban bari!"

Saurayin ya dube ni yana murmushi. "Me ake yi ran Lahadi da ba za a iya rasawa ba?"

"Shirin Hira da Masu Hikima. Babana ba ya cin abincin rana sai ya ji shi."

Sai ya gyara murya, ya ce a hankali, "Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka..."

Wayyo! Na saki kwalin ban sani ba. Muryar nan ce da ke shiga gidanmu kowace Lahadi daga Birnin Kebbi, tana zama da mawaƙa da marubuta da masu sassaƙa, tana tambayarsu yadda suke aikinsu. Na sha zana mai muryar a raina, dattijo mai tumbi da tabarau. Ashe yaro ne ɗanye shar.

"Wani tsoho nake nema a Manga," ya ce wa Mama Nneka. "Markus, mai waƙar golmo."

Ta kwashe da dariya har tana dukan kanta. "Chineke! Ga 'yarsa nan kana faɗa da shi!"

Haka muka raba batir ɗin, muka hau kabu-kabu biyu zuwa Manga, ƙauyenmu. Duk hanya ban iya waiwayawa na dube shi ba.

Baba tsohon soja ne da ya dawo gida ya kama noma. Mamanmu, Hannah, ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, yayyena maza kuma duk sun bi sawun Baba sun shiga soja. Ni kaɗai na rage, ga idonsa ya fara dushewa, irin ciwon da likita ya ce sai dai a lallaɓa. Ni ke ɗiga masa magani, ni ke riƙe hannunsa zuwa coci. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Samari sun zo, na sallame su ɗaya bayan ɗaya, don na riga na ƙudura a raina ba inda zan je in bar shi.

Golmo kuwa al'adarmu ce. Saurayin da ke son yarinya yakan yi wa ubanta noma, shi da sa'o'insa, damina bayan damina har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. A zamaninmu abin ya fara ja da baya, amma tsofaffi ba su sake shi ba. Baba kuwa tun yana saurayi shi ke ba da waƙa a gonakin golmo, samari na amsawa.

Aka shimfiɗa wa baƙo tabarma, na kawo ruwa. Ya fito da rikoda, ya danna, kaset ya fara juyawa.

"Baba, yaya kake ƙirƙirar waƙa?"

"Ban sani ba."

"To... wace ce waƙarka ta farko?"

"Na mance."

Dominic ya share zufa. Mutumin da ke sa manyan mawaƙa su yi ta zuba kamar famfo, yau ga shi ya rasa ta cewa. Ni dai ina bakin murhu ina danne dariya.

"Yaro," in ji Baba, "ka zaunar da ni awa mai jiran allura, ka ce in yi waƙa? Waƙar golmo ba ta hita a zaune. Gobe akwai gayya gonata, yaran unguwa za su taya ni huɗa. Ka zo."

Dominic ya kwana a Zuru, da sassafe sai ga shi a gona da takalmin nan mai sheƙi, riƙe da makirfo. Samarin unguwa sun jeru da garemani, suna satar kallonsa.

"Wanda bai riƙe garma ba, ba ya jin waƙar ga," in ji Baba. "Ba Saloma na'urar, ka shiga layi."

Ko gardama bai yi ba. Ya cire riga da takalmi, ya karɓi garma ya duƙa. Baba ya tsaya bakin gona, ya karkata kunne yana sauraron yadda garemani ke faɗawa ƙasa. Can sai ya ɗaga murya da yarenmu na C'lela, muryar da ta cika gonar har ta doki dutse ta dawo. In na juya ta da Hausa, ga abin da ya ce:

*Mai santsin ƙafa ya shigo gona,*
*Ƙasa na tambaya, ɗan wa ke nan?*

Samari suka amsa da ihu. Dominic bai ji ko kalma ɗaya ba, sai washe baki yake yana sara ƙasa a karkace. Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya yi ƙuraje sun fashe. Na kai masa ruwa a ƙwarya, na zuba masa a hannu yana cije leɓe.

Daidai nan Gwaggo Alice ta iso da kunu a ka. Ƙanwar Baba ce, mijinta ya rasu, kuma duk Manga ba mai kai labari da sauri kamarta. Ta dubi baƙon saurayi ba riga a gonar yayanta, ta dubi hannunsa, ta dube ni da ƙwarya. Sai ta sauke kunun ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiriri! Markus, ashe ka ɓoye mani! Saloma ta yi miji!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Baba in ga ko zai gyara zancen, sai na ga ya juya baya yana ta laluben sandarsa, alhali sandar na hannunsa.

Da yamma na raka Dominic bakin hanya.

"Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Noma na yi. Ko na ɓata huɗar ne?"

"Saurayi baƙo, ba dangi ba, ba maƙwabci ba, ya tuɓe riga ya yi noma gonar mai ɗiya budurwa, har a yi waƙar golmo a kanshi... Mi kake tsammani mutane za su ce?"

Ya tsaya cak. "Yesu! Saloma, ban sani ba! A bariki na tashi, Legas da Kaduna. Babana mutumin Ribah ne, nan ƙasar Zuru, amma golmo sunansa kawai na sani."

"To ka je ka hwaɗa wa Gwaggo kuskure ne."

"Idan na faɗa, me za a ce da ke?"

"A ce an fara golmo kaina an gudu rana guda. Ba komi, bakin mutane ba ya huda fata."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Asabar mai zuwa zan dawo. Hirar ba ta ƙare ba."

"Don hira?"

"Don hira mana!"

Hirar nan dai ta cinye damina sukutum. Duk Asabar ɗin da ya samu sarari sai ya biyo bas daga Birnin Kebbi, ya iso a gajiye, jikinsa duk ciwo saboda ramukan hanya. Ya yi huɗa, ya yi noman farko, ya yi maimai. Takalmin nan ya daina zuwa, sai wani tsohon silifas. Ni ke riƙe rikoda, idan an zauna hutu ƙarƙashin ɗorawa Baba ya yi ta zuba, ba sai an tambaye shi ba.

"Garma ke fara waƙa, ba ni ba," yakan ce. "In na ji saran yara ya daidaita, sai in aza magana bisa. Kuma gajeruwa nake yi, don mutumin da ke duƙe numfashinshi kaɗan ne. In ka ba shi dogon baiti ya amsa, ka kashe shi."

"To wa kake sa wa a waƙa, Baba?"

"Mai ƙarhi nake tsokana. Wanda ya gaji ba a kiran sunanshi, sai dai a yabi uwarshi. In ya ji sunan uwarshi ya hita, ka ga ya miƙe ya wuce kowa."

Ina zaune gefe ina mamaki. A gida ɗaya na tashi da mutumin nan, ban taɓa sanin haka yake tunani ba. Ranar da ya ba da labarin golmon da ya yi wa Mama, yadda take ɓoye masa gasasshiyar masara a bakin zani, Dominic kashe rikodar ya yi da kansa, don ya ga ina share ido.

Ban san ranar da na fara son shi ba. Na dai lura tun ran Alhamis nake fara wanke zanin da zan ɗaura Asabar. Ina yi masa ba'a da Hausarsa ta rediyo, shi kuma yana kwaikwayon "mi" ɗina har sai na jefe shi da kwalfar masara. Salo yake kirana. Idan ya faɗa, sai in ji sunan ya yi mini sabo fil.

Dawa ta fara fitar da kai ranar da ya tsayar da ni ƙarƙashin ɗorawar, bayan kowa ya watse.

"Salo, ranar farko kuskure ne, na yarda. Amma duk Asabar ɗin da ta biyo baya, da idona biyu na zo. Ina son ki. Ki bar ni in turo iyayena."

Abin da na daɗe ina son ji ke nan, kuma abin da na fi tsoro ke nan.

"In na aure ka, ina za mu zauna?"

"Birnin Kebbi, can aikina yake."

"Baba hwa?"

"Mu tafi da shi! Zan riƙe shi kamar ubana."

"Baba ya bar gonarshi? Ya bar kabarin Mama? Ko mako ba zai yi ba, zai mutu!"

"To in bar aikin..."

"Ka bar rediyo ka yi mi? Noman da har yau layinka a karkace yake?"

"Salo, kar ki mai da shi wasa, don Allah."

"Ba wasa nake ba!" Hawaye suka ɓalle mini. "Ina son ka, Dominic, Allah shi ne shaida. Amma mutumin ga ni ce idonshi. In na tahi, wa zai ɗiga mishi magani? Wa zai ce mishi ga rami nan? Ka yi haƙuri... ka daina zuwa."

Da ya yi magana, muryar ba ta rediyo ba ce.

"Saura zama ɗaya in rufe shirin. Daga shi ba za ki sake ganina ba, tunda haka kike so."

Ba haka nake so ba, amma na juya na bar shi tsaye a wurin.

Na shiga gida na ɗora tukunya. Baba na zaune bakin rumbu.

"Uwata, mura kike?"

"Hayaƙi ne, Baba."

"Hayaƙi," ya maimaita. Ko wutar ban hura ba tukuna.

Asabar ɗin zaman ƙarshe, tun da safe Baba ya ce maganin idonsa ya kusa ƙarewa, in je Zuru in sayo. Na san da saura, amma na ji daɗin samun mafaka. Na wuni a shagon Mama Nneka ina taya ta jera kaya, tana ta yi mini faɗa wai na rame. Kafin in dawo Dominic ya tafi.

Aka shiga kaka, aka fara yankan dawa. Ran wata Lahadi aka ce yau za a sa hirar Baba. Muna tashi daga coci rabin unguwa suka biyo mu gida, aka aza rediyo bisa turmi a tsakar gida. Gwaggo Alice ta zauna gaba-gaba. Ni na raɓe kusa da Baba, ina roƙon Allah ya ba ni ƙarfin jin muryar nan ba tare da na ba da kaina ba.

"Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Yau muna Manga, a ƙasar Zuru..."

Sai ga saran garemani, ga muryar Baba ta tashi a kai. Samari suka yi ta ihu, kowa na cewa ga amshinsa nan. Tsofaffi na gyaɗa kai, wata tsohuwa har da tashi ta taka. Aka sa duk bayanan da ya yi ƙarƙashin ɗorawa, na san su kusan da ka. Daga nan sai aka shiga wani wuri da ban taɓa ji ba.

"Baba, tambaya ta ƙarshe," in ji Dominic. "Yaya mawaƙi ke sanin waƙa ta ƙare?"

"In yara sun kai bakin gona, ka yi shiru, ko da waƙar na yi maka daɗi. Mai ci gaba da waƙa bayan aiki ya ƙare, kanshi yake yi wa." Aka ji Baba ya yi tari. "Na'urar ga na ɗauka?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To ina da magana. A al'adarmu, in golmo ya cika, uban yarinya gaban shaidu yake hwaɗi. Ni in na hwaɗa cikin gida, ɗiyata za ta yi kuka, ni ko in ta yi kuka ba ni da ƙarhi, sai in janye. Don haka zan hwaɗa inda ba ta iya rufe mani baki."

Duk aka juyo ana kallona.

"Baba, wannan ba na rediyo ba ne," in ji Dominic a cikin rediyon. "Zan yanke shi."

"Ka yanke shi, ka yanke zancen aure! Zauna ka ji. Jama'a, wanga yaro ya yi mani damina guda. Noman dai ba shi da kyau, gaskiya ita ce gaskiya, amma bai taɓa cewa ya gaji ba. Sauran shekarun na yahe. Na ba shi Saloma. Ƙanwata Alice za ta dawo gidana da zama, mun gama magana da ita. Uwata... na san kina jina. Kin yi mani abin da ɗa namiji bai yi ba. Ya isa haka. Ki tahi ki yi naki gida."

Guɗar Gwaggo ta rufe sauran shirin. Mata suka taso kaina, ni kuwa na zube gaban Baba na riƙe gwiwoyinsa.

"Baba, mi na yi maka? Korata kake?"

"Korarki nake."

"Gwaggo ba ta san lokacin magani ba! Surutu za ta tsaya yi ta mance!"

"Ina jinki hwa, 'yar nema!" in ji Gwaggo, tana dariya tana share hawaye da bakin zani.

"Wa zai kai ka coci?"

"Hanyar coci na san ta tun ba a haihe ki ba." Ya laluba ya dafa kaina. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Uwata, idon ga ya kusa tahiya, na hi likita sani. Bara ina gane fuskarki daga bakin ƙoha, bana sai kin matso. Ina son in gan ki cikin farin kaya tun ina iya gane fari. Kar ki hana ni wannan."

Duk gardamar da na tanada ta narke. Na kifa kaina a cinyarsa na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Mama.

Asabar ta zagayo, sai ga Dominic da baffanninsa daga Ribah. Na tare shi a zaure, idona a kumbure.

"Ka san da maganar ga, ka yi shiru?"

"Baba ya ce in na buɗe baki, sai na cika shekarun da ya yafe. Salo, kin ga hannuna, ba zai kai ba."

Na kai masa duka a kafaɗa, ya riƙe hannun bai sake ba.

"Duk hutun da na samu muna Manga," ya ce. "Na yi miki alkawari, masoyiyata."

Ya cika alkawarin, har ranar da Allah ya ɗauki Baba.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren. Mama Nneka ce ta ɗinko mini rigar, ta kuma ƙi yarda wani ya sa mini lulluɓi in ba ita ba. A ƙofar coci Baba na tsaye cikin tsohuwar kwat ɗinsa, yana jira ya shigar da ni. Kullum ni ke riƙe hannunsa a ƙofar nan, ranar kuwa shi ya miƙo nasa.

"Tsaya cikin rana," ya ce.

Na ja da baya na tsaya inda hasken ya fi ƙarfi. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ƙanƙance ido, ya bi ni da kallo daga lulluɓi har ƙasa, a hankali, bai damu da masu ganga da ke jira ba. Ni ko na riƙe numfashi, ina tsoron kada mun makara.

"Baba... ka gani?"

Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Na gani, Uwata," ya ce. "Na gani. Mu shiga."